Famfon Bagudu

A Jega, bayan tasha, inda baƙin mai ya rine ƙasa,
nan nake miƙa wa Makau sifana tun ban fi taya tsawo ba.
Ran Talata Tsalha ya iso, mutum uku na tura Sharon,
albasar Aliero ta danne ta har gindinta na sharar hanya,
lagireto na tafasa kamar tukunyar mai koko da asuba.

Makau ya kara kunne, ya shafa, ya girgiza kai.
"Famfon ruwa ya mace. Wanga ba ya ɗinkuwa."
Aka buga Birnin Kebbi, babu.
Aka buga Sakkwato, suka ce jibi, in kaya sun iso.
Albasa kuwa ba ta san jibi ba.

Can ƙarƙashin dogon yaro akwai gawar Galaksi,
ta Bagudu, wadda ta sha karo bara a hanyar Koko.
Kaza ta mai da kujerar baya akurki,
ƙadangaru na shan hantsi a kan rufi.
Shekara shida Tsalha da Bagudu ba su gaisa ba.
Layin lodi ne mafari, fasinja biyu da akuya.
Daga nan Bagudu ya kira Sharon amalanke,
Tsalha ya ce Galaksi gwangwanin madara ce mai taya.

Makau ya ce da ni, "Ɗauko goma da sha uku."
Muka kori kazar, muka ɗaga bonet,
noti ya yi gardama, kalanzir ya lallashe shi.
Ya ɗora famfo biyu bisa tsumma guda,
matacce da mai rai,
ya goge su da bakin riga, ya ce in karanta.
Na karanta lambar dama, na karanta ta hagu,
na sake karantawa, ko idona ne.
Ko harafi bai bambanta ba.

"Ka gani?" in ji Makau. "Masu kamfanin ga biyu,
a kasuwa kamar su cinye juna ɗanye,
amma murhu guda suka haɗa kuɗi suka gina.
Tuwo ɗaya aka tuƙa,
kowa ya kawo akushinai, ya manna sunanai a murfi.
Ku kuma nan kuna zagin juna kan murfi."

Tsalha ya tofar da yawu.
"Ba a sa min ƙarfen Bagudu a mota."
Makau ya zauna bisa tsohon batir, ya ɓare goro.
"To, zauna. Warin ruɓa ya fi ni iya magana."
Rana ta take tsaka.
Ƙuda ya fara zagaya buhun ƙarshe.

Ni aka aika.
Bagudu ya zo kan babur, bai ko kashe shi ba.
Ya ce ba ya son kuɗi. Buhu guda,
sannan Tsalha ya tsaya tsakiyar tasha, gaban 'yan kamasho,
ya faɗa da bakinsa
cewa zuciyar gwangwani ce ke ɗauke da amalanke.

Famfon ya zauna kamar can aka haife shi,
ba guduma, ba walda, ba a ƙara ko wasa ba.
Kafin la'asar Sharon ta kama hanyar Kwantagora.
Buhu dai an sauke.
Maganar tasha har yau bashi ce.

Tun ran nan, in an kawo mota,
ba tambarin goshi nake fara dubawa ba,
sai in kwanta ƙasa da tocila a baki
in nemi lambar da datti ya rufe.

Har gobe ba sa gaisawa.
Sai dai na lura, in Sharon ta tashi da lodi,
Bagudu kan dakata da shayinsa a hannu,
ya ɗan karkata kai,
yana sauraren famfonsa.